Jan Haƙorin Tambai

Tun da aka fara shuka wa tsofaffi haƙora, duk wanda ya haura tamanin a garinmu murmushinsa iri ɗaya ne, fari fat. Iya Tambai ce ta ƙarshe da ta yarda, don ta gaji da kunu, har mafarkin rake take yi.

Da hantsi likita ya cire mata haƙori ɗayan da ya rage, ya yi shuka. Kafin azahar sababbi sun tsiro. Ta ciro furen taba, wanda take rina haƙora da shi tun tana amarya, ta yi ta gogawa.

"Ɗan nan, sun ƙi yin ja."

"Ai waɗannan ba sa kama fure, Iya. Ko goro ba ya taɓa su."

Ta karɓi tsohon haƙorinta, jajawur, ta ƙulle a haɓar zane.

A gida ta tarar da mijinta, Malam Nomau, a inuwar durumi. Ya manta sunayen 'ya'yansa, amma ita bai taɓa manta ta ba. Ta yi masa murmushi.

"Sannu, baiwar Allah. Ba ki ga Tambai a hanya ba?"

Ta zauna, ta kwance ƙullin, ta sa masa a tafin hannu. Ya daɗe yana kallo, fuskarsa ta washe.

"Tambai," ya ce wa haƙorin a hankali, "ina kika shiga? Ga baƙuwa, ko ruwa ba a ba ta ba."