Jan Sa da Ya Ƙi Karkiya

Makona uku da kama aiki a ajin rainon yara na shiga ofishin shugabarmu, Hajiya Kulu, kaina cike da dabarun da na kwaso daga jami'a. Na ce mata a ganina iyaye su riƙa tsayawa a bakin ƙofa su miƙo mana yaran kawai, tunda mu muka karanci abin. Ta yi murmushi ta ce, "Zauna, 'yata, in ba ki wani misali." Ga shi kamar yadda na ji daga bakinta.

An yi wani mutum, gwanin horar da shanun huɗa, wanda sunansa ya kai ƙauyuka da yawa. Wata shekara, gab da faɗuwar damina, wani manomi ya kawo masa shanu biyu, fari da ja, su ke nan gare shi. Farin bai ba da wahala ba. Jan kuwa, da an ɗora masa karkiya sai ya hau rawar jiki, ya fizge, ya kwanta ƙasa ya ƙi tashi. Gwanin ya lallashe shi da harawa, ya rage nauyin gungumen da suke ja, ya gwada da sanyin safiya, ya gwada da la'asar, duk a banza. Kwana goma ana abu ɗaya, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. Maƙwabta suka ce a ba shi bulala. Manomin ya ce in abin ya ƙi, ranar kasuwa sai mahauta, bana kuma gona ta kwana ba huɗa. Da wani gwanin ne, da sai ya ce shekara talatin yana wannan aiki, san ne ba shi da rabo. Shi kuwa sai ya saɓa sandarsa ya taka har ƙauyen manomin, ya yi sallama, ya ce yana son ganin wanda yake ba san nan abinci tun yana ɗan maraƙi.

Ashe tsohuwar gidan ce, mahaifiyar manomin. Ta fito tana gyara mayafi ta ce, "Au, sai yau aka tuna da masu dama dusa? Malam, ta wane gefe kake ɗaura shi?" Ya ce ta dama, farin yana hagunsa. Ta tafa hannu ta ce, "Ai shi ke nan! Ƙaya ta soke masa idon hagu tun yana wata biyu. In ka duba idon kamar lafiya lau, amma ba ya gani da shi sai dishi-dishi. Mu nan ba mai zuwa masa ta hagu, kuma sai na yi masa magana kafin in taɓa shi." Wato kwana goma dabbar nan tana jin wani ƙaton abu yana numfashi yana gogarta ta inda ba ta gani. Gwanin bai ji kunya ba. Ya roƙi tsohuwar ta biyo shi, ya mayar da jan sa hagu yadda ɗan uwansa zai faɗo ta idon mai kyau, ita kuma ta tsaya a gabansa tana kiransa da muryar da ya saba. Aka ɗora karkiya, ya tsaya cak. Aka ce mu je, ya taka. Kafin ta koma gida gwanin ya koya mata kiran da yake yi na tsayawa da na juyawa, don abin da sa ya ji a wurin horo ya riƙa jin sa a turke. Ruwan shuka na sauka, gonarsu na cikin na farkon da aka huɗe.

Hajiya Kulu ta ce, "Ba wanda ya kai mutumin nan sanin shanu, 'yata, amma wannan san guda ɗaya tsohuwa ce ta san shi, kuma ya yarda ya taka ya tambaya. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."