Taƙi Ɗaya a Ƙwaryar Luru

Mai gidana, ka ce babbar na'urar da ke riƙe da bayanan wurin aikinku ta mutu, kun ɗora wata a madadinta, ƙananan na'urorin kuma dole su koma bin sabuwar. Ka ce ɗaya ta kwafi wani abu daga tsohuwar wanda sabuwar ba ta da shi, kana jin ciwon goge shi. Ni ban san na'ura ba, amma na san masaƙa. Gyara zama, sarkin taurin kai.

Wasu masaƙa biyar ne a rumfa ɗaya, suna saƙa ƙwaryoyin luru, wato dogayen ƙyallayen nan masu faɗin yatsa huɗu da ake jerawa a ɗinke su zama bargo. Tsohonsu, na shidansu, ke ba da ƙirga daga bakin rumfa: baƙi bakwai, fari uku. Kowa ya jefa ƙoshiyar saƙa yadda ya ji ƙirgar, don ratsi ya haɗu da ratsi ranar ɗinki. Wata rana da hantsi muryar tsohon ta dusashe. Ya ci gaba da ƙirga a hankali, har ya sako jan zare, amma ba wanda ya ji sai na kusa da shi. Shi kaɗai ya saƙa taƙi guda na wannan ƙirgar kafin tsohon ya kife a kan zarensa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar uku suka ba wani daga cikinsu ƙirga, ya ɗauko daga inda tasa ƙwaryar ta tsaya, nan ne kuma na sauran suka tsaya. Ya dubi na kusa da marigayi ya ce, "Yaya, warware taƙin nan mu tashi tare." Shi kuwa ya dafe wurin da tafin hannu ya ce, "Maganar Baba ta ƙarshe ke nan. Kai ina kunnenka yake da ya faɗe ta?" Kuma fa ba ƙarya ya yi ba, tsohon ya faɗa. Bai yi tawaye ba, bai bar rumfa ba. Ya bi sabon mai ƙirga tiryan-tiryan, sai dai a kan taƙin nan ya ɗora. Wata biyu yana zufa.

Ranar ɗinki aka shimfiɗa ƙwaryoyin a tabarma. Huɗu suka haɗu kamar haƙoran bakin mutum ɗaya. Tasa kuwa, tun daga jan zaren nan har gezar ƙarshe, kowane ratsi ya goce da taƙi. Baƙinsa na kallon farin maƙwabci. Maɗinki ya zare ta ya ajiye gefe. Wani ya sake saƙa ta biyar, kuma da aka karɓi aikin gaba ba a aika wa mai jan zaren ba. Ya tafi gida da ƙwaryarsa a kafaɗa, doguwa, kyakkyawa, ba ta isa rufe ko jariri ba. Ya rataye ta a bango har gara ta same ta. Da a ce ya warware tun ranar farko, aikin rabin yini ne da 'yar ƙwalla.

Shi ya sa Hausawa ke cewa: in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.