Amsar Maƙeri a Ƙofar Mai Gari

Wata tsohuwar malama mai koyar da ilimin halayyar ɗan Adam ta ga ɗalibinta, magidanci har da furfura, yana ɗokin tafiya ƙauye yin bincike. Ta ce ya zauna tukuna, akwai misalin da take so ya yi guzuri da shi.

Ta ce an yi wasu garuruwa biyu da 'yan bindiga suka afka wa a damina ɗaya, suka kashe na kashewa, suka kora na korawa cikin daji. Da ƙura ta lafa, wata ƙungiyar agaji ta samo likitan ƙwaƙwalwa guda ɗaya tak, wanda zai zauna da waɗanda abin ya taɓa wa zuciya. Likita ɗaya ba ya rabuwa biyu, sai aka ce a bincika a gano garin da ciwon ya fi ci. Aka tura mutum biyu da tambayoyi iri ɗaya: kana samun barci, abinci yana shiga, abin yana dawo maka a ido? Garin gabas aka ba wata baƙuwa. Ita bin mutane ta riƙa yi ɗaya bayan ɗaya, wannan a gona, waccan a bakin murhu, ba mai ji sai ita, kuma kowa ya san gobe za ta tafi da abin da ta ji. Suka yi ta amayar mata da abin da ke cikinsu. Garin yamma kuwa aka ba wani ɗan garin, wai ai ɗan gida ya fi sanin lungu. Shi ma ya yarda da haka, har yana jin kansa.

To, ɗan gida yana da kunyar gida. Ya ga bai dace yaro kamarsa ya riƙa kutsawa gidajen iyayensa yana yi musu tambayar ƙwaƙwaf ba, sai ya bi ta hannun mai gari, aka yi shela, maza suka taru a ƙofar gidan mai garin, kowa ya amsa har da na iyalinsa. Mutum zai buɗe baki ga surukinsa a dama, ga ɗansa a hagu, ga liman yana jan carbi, mai tambayar kuma yaro ne da aka ci tuwon sunansa. Wa zai ce ba ya barci? A cikinsu akwai kawun mai binciken, ƙanin mahaifiyarsa, maƙerin garin. 'Yan bindigar sun kora 'ya'yansa biyu masu yi masa zuga cikin daji, ba su dawo ba, tun ranar kuma wuta ba ta sake tashi a maƙerarsa ba. Da layi ya zo kansa, mai binciken ya ga idanun sun faɗa ciki, kallonsa duk yana kan hanyar da ta nufi daji. Amma bakin sai ya ce, "Alhamdulillahi, ɗana. Wanda ya bayar shi ya karɓa. Barci muna yi, tuwo muna ci."

Mai binciken ya san ba haka ba ne. Sai ya tuna an koya masa kada ya cusa ra'ayinsa cikin amsar mutum, abin da baki ya furta shi ake ɗauka. An koya masa hakan, gaskiya ne. An kuma koya masa ba a auna buhu biyu da mudu daban-daban a ce wannan ya fi wancan, amma wannan karatun bai biyo shi gida ba. In ma za a faɗi gaskiya, sanyi ya ji da kawunsa bai yi hawaye a bainar jama'a ba, har wani alfahari ya kama shi, wai garinsu garin masu tawakkali ne. Aka haɗa sakamako, gabas ta fito da ciwo, yamma ta fito lafiya lau, likita ya tafi gabas.

Maƙeri ya daina zuwa majalisa, daga baya ya daina magana, kwanon tuwonsa yana komawa yadda aka kawo shi. Bayan an cire amfanin gona, wata safiya ya kama hanyar nan da aka bi da 'ya'yansa, ba takalmi ba gorar ruwa. Makiyaya ne suka tsinci gawarsa a bakin wani busasshen rafi. Mai binciken ya zo, ya zauna a tabarmar makoki a ƙofar maƙerar da ta mutu tun kafin mai ita, baƙin ciki yana cin ƙirjinsa kamar garwashi. Mutanen da ya yi wa tambaya suka riƙa zuwa suna durƙusawa, kowa ya ce masa, "Ya haƙuri?" Sai ya ji bakinsa, ba tare da ya shawarce shi ba, yana cewa, "Da godiya." A nan ya ɗaga kai ya bi fuskokin da ke kan tabarmar ɗaya bayan ɗaya, duk fuskokin da ya shaida cewa lafiyarsu ƙalau, ya ga babu wadda ba ta kama da ta kawunsa.

Malamar ta ce wa ɗalibin, in ka je, ka duba wa ke tambaya, a gaban wa ake tambaya, ka kuma tabbata mudun da ka auna nan shi ka auna can. In baki ya ce lafiya, kada ka yi saurin rufe littafi. Hausawa sun riga mu gama wannan binciken, da suka ce labarin zuciya a tambayi fuska.