Butar Bayan Sito

Butar tana nan inda take jiya, jingine da katangar bayan sito, cike da ruwa. Mubaraka ta durƙusa ta amayar da kokon da ta sha da safe, ta kurkure baki, ta ɗebi yashi da sakaina ta rufe. Kwana uku ke nan tana wannan ɓoyo.

Ranar farko ta ɗauka sa'a ta yi. Lungu ne da ba mai bi, tsakanin sito da katangar asibitin, ga tsibin yashi, ga sakaina, ga buta. Amma da rabin ruwa ta bar butar, washegari ta tarar an cika ta. Yau kuwa abin da ta gani ya tsinka mata hanji: kanumfari ne a ƙulle cikin takarda, an cusa a ramin katanga.

A duk asibitin nan mutum ɗaya ke tauna kanumfari, Sista Asibi.

Sista Asibi ta shekara ashirin da bakwai tana aikin jinya a Ƙaura Namoda, kuma ba a taɓa ganin ta yamutsa fuska kan jini ko mugunya ba. Duk aikin da ta gama, komai muninsa, sai dai ta wanke hannu ta ce bari ta sabunta alwala, ta fita. Ma'aikata na cewa matar ba ta zama babu tsarki. Suna kuma cewa 'yan mata biyu ta kora bara saboda raki.

Ita kuwa Mubaraka ko ragon layya ba ta iya kallo. Tana da shekara tara innarta ta zubar da jini har ta cika a cikin mota, tsakanin Zurmi da Ƙaura, kanta a cinyar Mubaraka, ba wanda ya san abin yi. Tun daga ranar take tsoron jini, kuma tun daga ranar take son zama nas. Mahaifinta, Malam Nasidi, ya san halin 'yarsa, don haka ya gindaya sharaɗi: ta yi mako guda a hannun Sista Asibi. In Sista ta ce za ta iya, zai sa hannu a takardar shiga makarantar jinya. In ta ce a'a, magana ta mutu.

To ga shi asiri ya tonu. Matar ta gano ta, ta ajiye mata ruwa da kanumfari kamar mai cewa na gan ki, tana jiran Jumma'a ta yanke hukunci. Mubaraka ta kwana ta tashi da fargaba. Ko takun takalmin Sista ta ji sai gabanta ya faɗi.

Ranar Alhamis da hantsi babur ya shigo da gudu daga wajen Kurya Madaro. Wani manomi ne aka harba a cinya yana cikin gona, an goyo shi a tsakiya, wandonsa ya jiƙe sharkaf.

"Ke, zo nan," in ji Sista Asibi. "Danne nan da hannu biyu. Kak ki saki sai na ce."

Mubaraka ta danne. Jinin da ɗuminsa yake ɓulɓulowa ta tsakanin yatsunta, ƙarninsa ya cika mata hanci. Ɗakin ya soma juyawa. Can mutumin ya yunƙura ya kelaya amai a kan hijabinta. Cikinta ya taso har maƙogwaro, ta haɗiye, ya sake tasowa. Ta san in ta saki, mutumin nan zai bi hanyar innarta, kuma a hannunta. Sai ta kafa ido kan agogon bango tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, hawaye na zuba, ba ta saki ba.

Sista kuwa kamar mai ɗinkin hula. Ta ɗaure raunin, ta sa masa ƙarin ruwa, ta share, muƙamuƙinta na motsi a hankali. Da jinin ya tsaya aka sa mutumin a mota zuwa babban asibiti, Mubaraka ba ta jira izini ba. Ta ruga bayan sito.

Ta yi amai har ba abin da ya rage. Tana durƙushe ta yanke shawara: gara ta faɗi gaskiya da bakinta, ta haƙura da takardar, da ta bari wata rana tsoronta ya kashe ɗan wani. Ba kowa aka halitta da zuciyar dutse irin ta Sista ba.

Sai ta ji takun takalmin. Da sauri yake zuwa, kuma nan ya nufo. Ba hanyar gudu, ba lokacin rufe ƙazantar da yashi. Sista Asibi ta ɓullo ta kusurwar sito ta yi turus.

"Sista, ki gahwarce ni," in ji Mubaraka. "Na san kin sani tun shekaranjiya. Ni ba ni iyawa, kullum sai na..."

"Gusa can."

Mubaraka ta gusa. Sista Asibi ta tattare siket ta durƙusa daidai inda ƙasar ta lotsa da sawun gwiwa biyu, ta dafa katanga, ta yi ta kwara amai har idanunta suka kawo ruwa. Ta miƙa hannu ba tare da ta duba ba ta jawo butar, ta girgiza ta, ta ji ba ko ɗigo. Sannan ta ɗago ta harari Mubaraka.

"Ashe ke ta ka shanye min ruwa. Shekara ashirin da bakwai wuringa nawa na ni ɗai. Ranal Litinin in za ki dawo aiki, ki taho da butakki."