Hannun Jarin Baba

Masu zuba jari sun watse suna gardamar kamfanin ƙwaƙwalwar kwamfuta, dillaliyarsu na tattara takardu, sai ga Injiniya, ma'aikacin kamfanin, mai neman aurenta.

"Sabuwar ƙwaƙwalwarmu ƙonewa take yi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ki sayar da hannun jarin Baba kafin labarin ya fita."

Hannunta ya tsaya cak. Jarin nan fanshon mahaifinta ne kacokan.

"Wallahi yau na yi niyyar sayarwa," ta ce. "Yanzu da ka ba ni sirrin, in na taɓa, ni da kai sai gidan yari, don doka ta hana ciniki da sirrin kamfani."



Ta kawar da kai. "Ranar da farashin ya faɗi, da wane ido za ka gaida Baba?"