Tabon Bayan Kunne

Tana tsaka da yi wa autarta kitso, yatsunta suka tsaya cak. Tabon da yarinyar ta samu ranar da ta faɗo daga bene yana bayan kunnen dama. Ita kuwa da hannunta ta wanke ciwon nan, kuma a hagu yake.

Kowa ya san dogayen baƙin nan marasa inuwa, masu ratsa zamani da duniyoyi. An ce sukan ɗauko mutum daga wata duniya mai kama da wannan, su ajiye shi a gurbin wani.

"Auta," ta ce, "ina suka kai min 'yata?"

Yarinyar ba ta juyo ba. Ta kamo hannun uwar ta riƙe gam.

"Ni ban je ko'ina ba, Umma. Ke aka kawo. Bara muka binne ki, Abba ya yi ta roƙonsu." Ta mayar da hannun uwar kan gashinta. "Don Allah ƙarasa min. Ba wanda ya iya irin naki."

Uwar ta ci gaba da kitson, hawaye na zuba. A can wata duniya, wata yarinya mai tabo a hagu tana bakin ƙofa tana jiranta.