Dunduniyar da Na Ƙara

"Wannan ne takalmin gudun?" Na jefa shi kan bencin aikina. Tafinsa shafal, ba dunduniya, kana iya naɗe shi kamar tsumma.

Surukina, mijin 'yata, ya durƙusa. "Baba, ɗinkin gefe kawai ya saki. Jibi muke gudun gwajin shiga aikin kashe gobara."

Shekara arba'in ina gyaran takalmi, yaro zai nuna mini inda zan ɗinke? An cuce shi a kanti bai ma sani ba. Na yanko taya, na manna masa tafi mai kauri, na buga dunduniya. Da ya zo karɓa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Na gode, Baba."

Ranar gudun na tsaya a bakin fili. Da ɗingishi ya iso, shi ne na ƙarshe. Na yi tsaki. Rago kawai.

'Yata ta same ni a shago, idanunta jawur.

"Baba, da gangan ya sayi marar dunduniya. Shekara guda yana horar da ƙafarsa da shi. Yau ya yanke shawarar gudu ba takalmi, har ya kwance igiya. Sai ya hango ka."